K da J a kujerar farko: in shiga ko in yar?

Tambaya daga wani mai karatu a Jidda: "Ina buga poka a waya, irin ta Texas Hold'em, da kwabban wasa waɗanda ba kuɗi ba. Duk sanda na shiga da K da J ina farkon magana, sai a cinye ni. Ina matsalar take?"

Malam, kujerar ce ke cin ka. A wannan wasan kowa na riƙe da kati biyu, yana haɗa su da waɗanda ake buɗewa a tebur. A tebur mai mutum 9, na farkon magana yana da mutum 8 a bayansa da ba su ce uffan ba. Kana riƙe da K da J, hannuwan da ke danne ka su ne AA, KK, QQ, JJ, AK, AJ da KQ, wato haɗi 54 cikin 1,225 na kati biyu da wani zai iya riƙewa. A kan mutum ɗaya kashi 4 da ɗoriya ne cikin ɗari, amma a kan 8 ya kai kusan kashi 30. Da mutum 2 kawai suka rage, bai kai kashi 9 ba.

Ga inda ɓarnar take: K ya fito a tebur, ka ga ka dace, alhali mai AK ya fi ka da A ɗinsa. A karon KJ da AK, tun kafin a buɗe katunan tebur, kusan sau ɗaya cikin huɗu kake ci, kuma galibi kai za ka riƙa fara magana yana kallonka. Wanda ya saba da balut, wasan katin da ake yi a Saudiyya, ya kan ɗauki J da girma, don shi ne kan gaba a hukum, wato irin katin da aka zaɓa ya fi sauran. A poka yana ƙasan A, K da Q.

Saboda haka KJ, QJ da A10 masu bambancin iri, yar da su daga wannan kujera. In iri ɗaya ne, ana iya shiga da KJ ko A10 idan teburin ba na masu yawan ƙari ba ne. Ka shiga da ƙari, ninki 2.5 zuwa 3 na babban zubin dole, wato mafi girma cikin zubi biyu da ake tilastawa kafin a raba kati. Shiga a lallaɓe da biyan zubin kawai gayyatar ƙari ce. Aka ƙara a kan ƙarinka, haƙura.

Ƙananan tagwaye kamar 4-4 kuwa, na ukunsu kan fito a katuna ukun farko da ake buɗewa a tebur kusan kashi 12 cikin ɗari. Kada ka biya ƙari sai idan kai da abokin karawarka kowa na da ninki 15 na abin da za ka biya.

Wannan duk a kan kwabban wasa ne. Sa kuɗi caca ce, kuma dokar Saudiyya ta hana.