Ku Tambaya Mu Amsa: Wai haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa zai iso wajen mai ƙaramin inji?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da injin casar shinkafa a Kura da yaran aiki shida, kullum a rediyo sai mu ji ana cewa gwamnati ta haɗa gwiwa da 'yan kasuwa don farfaɗo da masana'antu, to mu dai gas ɗin janareta ke cinye ribar. Wai abin nan ba sayar da kayan gwamnati ba ne aka canza masa suna? Kuma ta ina irinmu za su shiga? Daga wani mai inji, Kura.

AMSA: Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. A'a, akwai bambanci. Sayarwa ita ce irin ta 2013 da aka miƙa wa 'yan kasuwa kashi 60 na kamfanonin rarraba wuta. Shi kuwa haɗin gwiwa, PPP ɗin da kake ji, gwamnati ce za ta ba da fili ko lasisi, ɗan kasuwa ya zuba kuɗinsa ya gina ya tafiyar da wurin na wasu shekaru ya ci ribarsa, daga baya abin ya koma hannun gwamnati, kuma a matakin tarayya hukumar kula da irin waɗannan yarjejeniyoyi wato ICRC ke sa ido ƙarƙashin dokar 2005.

Misali ga shi nan a Zawaciki, tashar jiragen ruwa ta tudu ta Dala, an amince da ita tun 2006 amma sai Janairun 2023 aka buɗe ta, ka ga irin jan ƙafar. Wanda ya fi kusa da matsalarka shi ne na kasuwar Sabon Gari ta Kano, inda hukumar samar da wutar lantarki a karkara wato REA ta shigo da kamfani mai zaman kansa ya shimfiɗa sola a saman rumfuna, aka sa wa shago mita, mai shago ya biya abin da ya sha ya kashe ɗan janaretansa. Me ya sa kamfanin ya yarda ya zuba kuɗi? Saboda dubban shaguna ne wuri ɗaya.

To ka ga ba mai ja wa inji guda ɗaya layin wuta Alhaji, amma in masu casa na Kura suka zama ƙungiya mai rijista, da asusun banki da littafin da ke nuna jarka nawa ta gas kowa ke ƙonawa a wata, wallahi kamfanonin sola za su zauna da ku, Bankin Masana'antu wato BOI ma ya fi sauraron ƙungiya mai takardu. Ka fara da rijistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rijista, da ta SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i.

Ƙungiyoyin da ba na riba ba kuma galibi horo suke bayarwa, wasu da ɗan jari, kamar gidauniyar Tony Elumelu mai ba da dala 5,000, ta intanet ake cikewa kuma kyauta ne. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗin fom ɗin wannan gidauniya ɗan damfara ne, kar ka ba shi ko sisi.