Tambaya da Amsa: Filamen ɗina zai kai ni ko in ƙaro?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan an tashi lafiya ya sanyi. Ina da firintar 3D ƙirar Ender 3, yanzu wata Hajiya ta ba ni aikin mariƙin makulli guda 150 da za a raba a bikin 'yarta, da sunan ango da amarya a jiki. Filamen ɗin PLA (zaren robar da firintar ke narkawa ta gina abu da shi) da nake da shi kamar rabin kwarkwaro ya rage, kuma idan na yi oda daga Legas yana ɗaukar kwanaki kafin ya iso. Ta yaya zan san ko zai ishe ni? Daga wani mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Wannan "kamar rabi" da ka ce shi ne ya fi damu na, domin ido yana yaudara a nan sosai. Zagayen filamen da ke waje ya fi na ciki tsawo nesa ba kusa ba, don haka idan ka ga kaurin naɗin ya koma rabi, abin da ya saura bai kai rabin kilo ba, a yawancin kwarkwaro wajen kashi 40 cikin 100 ne. Nemi sikelin kicin irin na masu yin kek ka ɗora shi gaba ɗaya, sai ka cire nauyin kwarkwaron da babu komai a kai. Na roba yakan kai giram 200 zuwa 250, na kwali ya ɗan fi sauƙi, amma kamfani kamfani ne, in kana da tsohon fanko na irin wanda kake amfani da shi to auna shi kawai ka huta.

Sai kuma abin da aikin zai ci. Wannan ba sai ka sha wahala ba, silaisa, wato manhajar da kake yanka zanen da ita kafin a buga, Cura ce ko PrusaSlicer ko OrcaSlicer, da zarar ka danna ta gama yankawa za ta nuna maka giram nawa, mita nawa, da awa nawa. Abin da mutane ke mantawa shi ne su duba cewa sun zaɓi irin filamen ɗin daidai, saboda nauyinsu ba ɗaya ba ne: PLA giram 1.24 ne a kowace santimita kubik, PETG 1.27, ABS kuma wajen 1.04. PLA mai kaurin milimita 1.75, kowace mita ɗaya kusan giram 3 ce, shi ya sa kilo guda ke ba da wajen mita 330.

Bari mu ɗan buga lissafin naka. Ba ka faɗi girman mariƙin ba, to mu ɗauka tsawo santimita 5, faɗi 3, kauri milimita 3. Wannan santimita kubik 4.5 ke nan, ka ninka da 1.24 zai ba ka giram 5 da rabi da ɗan wani abu, in ka haɗa da rubutun suna da ya taso sama ka ce giram 6. Guda 150 ya zama giram 900. Ka ga ko sabon kwarkwaro ne dal da kyar zai kai ka, balle ragowar da ke hannunka. Kuma kada wani ya ce maka ka rage cikon ciki, wato robar da firinta ke cika cikin abu da ita, zuwa kashi 10 za ka samu sauƙi, a babban abu irin tukunyar fulawa ko samfurin gini gaskiya ne yana rage ci sosai, amma abu siriri mai milimita 3 kusan duk jikinsa shimfiɗar sama da ta ƙasa ne da bango, wurin cikon ɗan kaɗan ne, ribar ba ta taka kara ta karya ba. In kana son ragi na gaske to rage kaurin zuwa milimita 2 da rabi ko ka ɗan matse girman.

Ni dai ban taɓa ba wa mutum shawara ya sayi daidai abin da silaisa ta faɗa ba, domin ita ba ta san da ɗauke wuta ba, ba ta san da sanyin Jos na Disamba da Janairu ba wanda iska ke sa gefen aiki ya ɗago daga farantin firinta ya lanƙwashe tun bai yi nisa ba. Ga na gwaji da za ka kai wa Hajiya ta gani, watakila ma ta ce a sake salon rubutun, ga wanda za ka zubar duk lokacin canza kala in sunan zai fito da launi daban. Ƙara kashi 20 a kai, 900 ta koma 1,080. Kuma kada ka jera su har faranti ɗaya ya cika in ba ka da inbata, gara goma goma, in wuta ta tafi asarar ba za ta yi ciwo ba.

Don haka ka yi odar sabon kilo guda yau ɗin nan, in da hali ma biyu, kuma kamfani ɗaya kala ɗaya a lokaci ɗaya, saboda ko sunan kala iri ɗaya ne wani zubin yakan ɗan bambanta da wani, kuma a wajen biki mata za su haɗa su wuri guda su gani. Ragowar da ke hannunka ka yi gwaji da ita, ko ka mai da ita kalar rubutun sunan tunda shi ba ya ci da yawa. Kuɗin wannan kashi 20 ɗin kuma ka saka shi cikin farashin da za ka faɗa wa Hajiya tun yanzu, kafin ka karɓi kafin alƙalami.