Amsa ga mai na'urar CD da ta daina karanta faifai

Wa alaikumus salam, Malam. Na karanta abin da ka rubuto: na'urar CD ta gidanku ta daɗe a ajiye kan kabad, yanzu in ka sa faifai sai ta yi ɗan ƙugi ta rubuta NO DISC, kuma mai gyaran da ka kai wa a kasuwa ko buɗe ta bai yi ba ya ce ido, wato abin da ke haska faifai ya karanta shi, ya mutu, a sayo sabo. Na ga ƴan'uwa a nan sun ce ka jefar da ita ka sayi ƴar rediyo mai memori. Ni na daɗe ina wannan gyara a Maraɗi, tun zamanin da bidiyo-sidi ke tashe, kuma shawarata ita ce kada ka fitar da ko dala sai ka cire murfi ka ga abin da na'urar take yi. Ido yana mutuwa, gaskiya ne, amma yawancin waɗanda aka kawo mini da sunan ido ya mutu, ƙura ce ko bel ko faifan kansa.

Fara da faifai, don shi ba ya cin ko sisi. Nemi na kamfani, wanda bayansa ke fari kamar azurfa, ba wanda aka ɗura a kwamfuta ba. Faya-fayan wa'azi da na karatun Alƙur'ani da muke saye a bakin kasuwa galibi CD-R ne, wato irin wanda ake ɗurawa a kwamfuta, rubutunsu a kan wani rini yake, zafin bazara da rana suna kashe shi sannu a hankali, musamman wanda aka bari a mota ko bakin taga. Idon da ya fara tsufa da irin waɗannan yake fara gardama, alhali yana karanta na kamfani lafiya lau. Tsofaffin na'urori da yawa kuma ba sa karanta CD-RW, wanda ake gogewa a sake ɗurawa, ko faifan MP3 tun asali, DVD kuwa ba maganarsa ake ba. Duba kuma kusa da ramin tsakiya. CD daga ciki yake fara karatu ya yo waje, kuma jerin abin da ke cikin faifan a can tsakiya aka rubuta shi, to shatin yatsa mai maiƙo ɗaya a wurin ya isa a ce maka babu faifai. In za ka goge, da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, kada ka bi da'ira. Ɗaga shi saitin haske: in ka ga ƴan ramuka suna ɓullo da haske ta ɓangaren da aka yi rubutun suna, wannan faifan ya tafi, domin a ƙarƙashin wannan fentin bayanan suke.

In faifai mai kyau ma ya ƙi, to zare filogi, kwance sukurorin murfi. Ɓangaren da wayar wuta ta shiga kada hannunka ya je, wutarmu 220 ce. Mayar da filogin, ka tsaya daga gefe, ka rufe tiren ba tare da faifai ba, ka zuba ido. Lafiyayyar na'ura ga abin da take yi bi da bi: tire ya shige har ƙarshe, kan da ke ɗauke da idon ya gangaro zuwa tsakiya, sannan ƴar kwalbar idon ta yi sama ta yi ƙasa sau biyu ko uku tana neman faifai. Sai ta same shi ne injin zai juya shi. Wannan shi ne abin da mutane ba su sani ba. Suna ganin faifai bai juya ba sai su ce injin juyawa ya ƙone, alhali na'urar ce ba ta ba shi umarni ba saboda idon bai ga komai ba. Inda wannan jerin ya tsaya, nan ciwon yake.

Kada ka leƙa idon kai tsaye daga sama. Hasken na CD ba ya ganuwa sosai, ɗan ɗigo ja ne dishi-dishi, amma ƙarfinsa ya fi yadda yake nunawa. Kalle shi daga gefe, ko ka saita kyamarar wayarka, sau da yawa ita ta fi ganinsa.

To in kan ya motsa, kwalbar ta yi sama da ƙasa, akwai ɗigon haske, amma ka sa faifai ya ƙi juyawa ko ya juya kaɗan ya tsaya, wanke ido za ka fara yi. Mu nan hunturu kaɗai ya ishe mu, ƙurar da ke shiga ɗaki ko an rufe taga. Amma abin da ya fi ƙura ɓarna shi ne hayaƙi. Na'urar da ta zauna a ɗakin da ake turaren wuta kullum, ko ake kunna maganin sauro da dare, in ka haska idonta da tocila za ka ga ya yi wani yana-yana ruwan ƙasa, maimakon ya yi ƙyalli mai ɗan shuɗi. Hura iska ba ta fitar da wannan. Zare filogi, sami tsinken goge kunne mai auduga, ka ɗan jiƙa shi da alkol na farmasi mai ƙarfi, na 90, ka matse shi a ƙyalle har ya zama danshi kawai ba ɗiga ba. Ka taɓa kwalbar a hankali, ka juya daga tsakiya zuwa gefe, sannan ka bi da busasshen ɓangaren. Za ka ji tana lilo a ƙarƙashin audugar, domin a kan wasu siraran wayoyi take rataye, shi ya sa ba a dannawa. Fetur, tina ta fenti, turaren fesawa, yawu, duk babu. Kwalbar roba ce ba gilashi ba, fetur yana cinye fuskarta nan take. Bar ta ta bushe ƴan mintoci kafin ka gwada. Faifan nan mai ɗan burushi da ake sayarwa wai na wanke ido, ni ban yarda da shi ba: sai na'ura ta juya faifai zai yi aiki, taka kuwa ba ta juyawa.

In kuwa tun farko tiren ne ke shiga da ƙyar, ko ya shiga amma ba ka ji ƙarar nan ta ƙarshe da injin ke ɗagowa ya damƙe faifai ba, bel ne. Ɗan zoben roba ne baƙi a ƙarƙashin tire, zafi yana sa shi ya saki ko ya narke ya zama kamar kwalta. Na'urar da ta daɗe a ajiye irin taka, shi nake fara zargi. Cire shi ka tafi da shi wurin masu kayan rediyo su ba ka daidai shi ko wanda ya ɗan fi shi matsewa. Robar ɗaure kuɗi tana yi na kwana biyu, ba gyara ba ce.

Kan da ya ƙi gangarowa tsakiya, ko na'urar da ke karanta waƙoƙin farko sannan ta riƙa tsalle tana maimaita wuri ɗaya, duba sandar ƙarfen da kan yake zamewa a kai. Tsohon giris ya haɗu da ƙura ya daskare. Goge shi tas, ka sa ɗigon man keken ɗinki, kaɗan ƙwarai, ban da man inji ko man gyaɗa. Ka leƙa haƙoran giya ma, ƙwayar yashi ɗaya ko gawar kyankyaso tana tsayar da su. A ƙarshen hanyar kan, daga ciki, akwai ɗan makunni ƙarami da ke gaya wa na'ura cewa kai ya iso. In ya yi datti za ka ji giya tana ta kar-kar-kar ba ta tsayawa.

Injin juya faifai shi ma yana gajiya. Aikinsa ba kaɗan ba ne, yana juyi wajen 500 a minti in ana karatu a tsakiya, ya sauko wajen 200 a baki. Gwajinsa mai sauƙi ne: lokacin da idon ke neman faifai, ɗan tura bakin faifan da yatsa. In ya kama gudu ya karanta, injin ne ya raunana. Wanda zai canza shi ya auna tsayin ɗan faifan robar da CD ke zama a kai kafin ya zare, domin in ya sauka ko ya hau ko da kaɗan ne, ido ba zai sake samun saiti ba.

Sai wayar nan mai faɗi, fara, da ta haɗa kan da allon nan na ciki mai ɗauke da ƙananan kayan lantarki. Kullum tana lanƙwasa tana miƙewa, ƙarshe ta karye daga ciki ba a gani. In kwalbar ba ta motsi sam, ko babu haske, ko na'urar ta yi aiki yau gobe ta ƙi, ita nake canzawa kafin in taɓa ido, kuɗinta bai kai komai ba. Ƙirga layukanta kafin ka saya. Leƙa kuma ɓangaren wuta, daga nesa, ka ga ko akwai kondansa, ƴar gwangwanin nan mai tara wuta, da kanta ya kumbura. Wutar da ke hawa da sauka da ta janareta suna cin su, kuma in wuta ba ta isa allo daidai ba, lafiyayyen ido ma makancewa yake. Wannan aikin mai dalma ne, kai wa wanda ya iya.

Yanzu ga inda nake so ka ji ni da kyau. A jikin kan akwai wani ɗan sukuru na saita ƙarfin haske. Wasu masu gyara da sun ga NO DISC sai su murɗa shi, na'ura ta karanta a gabanka, ka biya ka tafi. Dukan jakin da ya gaji ne, zai yi taku kaɗan ya faɗi gaba ɗaya. An ƙara wa tsohon ido wuta fiye da ƙarfinsa, ba ya daɗewa yake ƙonewa, kuma in asalin ciwon ƙura ce ko bel, an kashe ido mai lafiya a banza. In ka mayar da ita kasuwa, ka ce a gabanka za a buɗe, kuma kada a taɓa wannan sukurun.

In an bi duk waɗannan ba a dace ba, to a nan ne maganar mai gyaranka ta tabbata. Lambar kan tana rubuce a jikinsa. Na'urori da yawa, ko ba na Sony ba ne, kan Sony suke ɗauke da shi, irin su KSS-213 da KSS-210, wasu kuma na Sanyo, SF-P101N, wanda ke da mai ƙafa 15 da mai ƙafa 16 a wurin da wayar ke shiga, ba sa shiga wurin juna. Harafin ƙarshen lambar ma a duba shi. In ba a samu nan ba, masu zuwa Kano ta Jibiya suna iya nemo maka a kasuwar Sabon Gari, ko a ciro daga wata matacciyar na'ura. Sabon kai yana zuwa da ɗigon dalma da kamfani ya haɗe wurare biyu da shi don kare idon a hanya. Sai an ɗaura shi an gama sannan a narkar da ɗigon. Wanda bai sani ba zai ce an sayar masa da jabu. Jabun ma akwai su da yawa, don haka ku yi magana da mai kaya tun farko cewa in bai yi ba za a dawo da shi.

Ba ka faɗa mana ba ko taka CD ce zalla ko mai haɗe da DVD. In mai DVD ce, haske biyu ne a cikin kan, ja na DVD da na CD, ɗaya yana iya mutuwa ya bar ɗaya. Gwada mata fim ka gani. In ta karanta DVD ta ƙi kowane CD, inji da bel sun fita daga zargi, kuma irin waɗannan ƙananan sau da yawa kuɗin kan ya kusa kuɗin wata ta hannu. Amma in babbar rediyo ce mai lasifika biyu masu kyau, ta cancanci gyara. Kafin nan, faya-fayan karatun da ka ce su ne damuwarka, kai su wurin mai kwamfuta a juye maka a memori tun suna karantuwa.

Cire murfin yau, ka rubuto mana abu uku: kan ya gangaro tsakiya ko bai gangaro ba, kwalbar ta yi sama da ƙasa ko ba ta yi ba, faifan ya juya ko bai juya ba. Ka haɗa da hoton lambar da ke jikin kan. Allah ya sa a dace.