Home Assistant a cikin Docker ba ya ganin na'urorina, ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ɗora Home Assistant, manhajar sarrafa na'urorin gida, a cikin kwantenar Docker a kan ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi. Shafin yana buɗewa lafiya lau ta lamba 8123, amma ko kwan fitila ɗaya bai gano da kansa ba, kuma makalin Zigbee (ɗan abin da ke magana da na'urorin gida ba tare da waya ba) da na soka a USB sam bai bayyana ba. Jiya na sabunta shi, sai ya dawo kamar sabo, duk saitin da na sha wahala a kai ya tafi. Sau uku ke nan ina gogewa ina sake ɗorawa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka dakata da gogewar nan haka, manhajarka lafiyarta ƙalau. Kwantenar da Docker ke gudanar da manhaja a cikinta ɗaki ne a kulle: ba ta ganin komai na kwamfutar da take zaune a kai sai abin da ka miƙa mata da hannunka.

Bari in fara da saitin da ya ɓace, don shi ya fi ciwo. Home Assistant yana ajiye komai nasa a folda mai suna /config. In ba ka ɗaure wannan folda da wata ta kan Raspberry Pi ɗin ba, to a cikin kwantenar take, kuma sabuntawa na nufin a jefar da tsohuwar kwantena a ƙera sabuwa. A fayil ɗin docker-compose.yml, ƙarƙashin volumes, ka rubuta /home/pi/ha:/config, ko duk wurin da ka ga dama. Kafin nan ka buga docker ps -a ka duba. In tsohuwar tana nan a tsaye, docker cp zai iya kwaso maka saitinka.

Rashin gano fitilu kuwa, na'urorin gida suna shelar kansu ne ta hanyoyin mDNS da SSDP, kuma wannan shela ba ta tsallake gadar sadarwa da Docker ke girka wa kwantena. Ka sa network_mode: host, ka cire layin ports gaba ɗaya, ba shi da sauran amfani.

Makalin Zigbee shi ne inda mutane suka fi yin tuntuɓe. Ka buga ls -l /dev/serial/by-id/ a kan Raspberry Pi ɗin kansa, ba cikin kwantena ba. In wayam ka gani, wataƙila matsalar ta kebul ce ko ta wuta, Docker dai ba shi da laifi. In ka ga wani dogon suna yana nuni zuwa ttyUSB0 ko ttyACM0, wannan dogon sunan za ka sa ƙarƙashin devices. Kada gajartar ttyUSB0 ta ruɗe ka, domin ranar da ka soka wata na'urar ka sake kunna kwamfutar, lambar na iya komawa ttyUSB1, ka wayi gari fitilu sun ƙi jin magana. Sannan manhaja ɗaya ce tak ke iya riƙe makalin a lokaci guda. In ZHA, manhajar Zigbee da ke zuwa cikin Home Assistant, ta kama shi, Zigbee2MQTT, wata manhajar daban mai irin wannan aiki, ba za ta samu ba. Ina kuma roƙonka ka nemi ɗan kebul na ƙari ka nisanta makalin daga jikin kwamfutar, saboda ramukan USB 3.0 suna haddasa hayaniya a zangon 2.4 GHz, inda Zigbee ke aiki. Na ga makalin da aka yanke wa ƙauna ya farfaɗo da kebul mai tsawon mita ɗaya kacal.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma zai same ka: wannan samfurin na kwantena ba shi da Supervisor, wato ɓangaren da ke girka ƙarin manhajoji yana kula da su, don haka babu rumbun ƙarin manhajoji. Zigbee2MQTT da Mosquitto, mai isar da saƙonni tsakaninta da Home Assistant, kowace sai ka ba ta kwantenarta. In hakan zai yi maka nauyi, Home Assistant OS, samfurin da ke zuwa da Supervisor a haɗe, ya fi maka sauƙi, kuma babu abin kunya a ciki.

Bayan ka gyara fayil ɗin, docker restart ba zai ɗauki canjin ba, sai ka buga docker compose up -d don a sake ƙera kwantenar. Daga nan ka buɗe docker logs -f homeassistant, in sunan kwantenarka ke nan, ka zuba ido. In har makalin bai fito ba, ka turo mini layin kuskure na farko da ya bayyana tare da fayil ɗin naka.