Tambaya da Amsa: Wane Tabarau Ne Zai Kare Ido a Wasan Airsoft?

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk daga masu karatunmu na ƙasashen waje suke, kuma magana ɗaya suke yi, wato kariyar ido a wasan airsoft, wanda 'yan wasa ke rabuwa gida biyu suna harbin juna da ƙwayoyin roba. Wasan ya samo asali ne a Japan cikin shekarun 1970, inda doka ta tsananta wajen mallakar bindiga, daga bisani ya bazu zuwa Turai da Amurka.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a birnin Leeds na ƙasar Ingila, kuma abokan karatuna sun gayyace ni wasan airsoft. Ina da tabarau na kariya da aka ba ni a wurin da nake aikin wucin gadi, an buga masa EN 166 F a jikin hannunsa. Shin zai wadatar, ko kuwa sai na sayi wani? Kun dai san aljihun ɗalibi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka shiga fili da wannan tabarau. Ƙwayar da ake harbawa faɗinta milimita 6 ne, ba ta fi ƙwayar masoro da yawa ba, kuma wannan ƙanƙanta ita ce tushen haɗarinta. Idan babban abu irin ƙwallon ƙafa ya bugi fuska, ƙashin gira da na kunci ne ke tare mafi yawan bugun, amma ƙwayar roba takan wuce tsakanin waɗannan ƙasusuwa ta sauke duk ƙarfinta a kan ƙwayar ido kai tsaye.

Ana auna ƙarfin bugu da ma'aunin da ake kira jul. Ƙwaya mai nauyin giram 0.20 da ke gudun mita 100 a sakan ɗaya tana ɗauke da jul 1 daidai. Galibin filayen wasa na Ingila suna barin bindiga mai batir ta kai gudun ƙafa 350 a sakan, wato kimanin jul 1.14, ita kuwa bindigar harbin nesa, wadda ake ɗanawa da hannu bayan kowane harbi, ana barinta ta kai ƙafa 500, kimanin jul 2.3. Dokar ƙasar ta shekarar 2017 ma ta yanke iyakar jul 1.3 ga mai ɓarin harbi, da jul 2.5 ga mai harbi ɗai-ɗai. To, harafin F da ke jikin tabaranka ma'anarsa ita ce an gwada shi da ƙwallon ƙarfe mai faɗin milimita 6 da nauyin giram 0.86 a gudun mita 45 a sakan, abin da bai wuce jul 0.87 ba. Ka ga ke nan gwajin da ya ci bai kai ƙarfin bindigar da ta fi yawa a filin ba, balle ta harbin nesa. Gaskiya ne ƙwallon ƙarfe ya fi na roba tauri, kuma akwai tabarau masu harafin F da suka jure harbi ba su fashe ba, wanda shi ya sa za ka ga 'yan wasa da dama sanye da su. Amma kamfanin bai yi maka alkawarin haka ba, kuma ni ban ga hikimar jingina ido da abin da ba a yi alkawarinsa ba.

Abin da za ka nema a ma'aunin Turai, wato EN 166, shi ne harafin B, wanda ake gwadawa da wannan ƙwallon a gudun mita 120 a sakan, fiye da jul 6. Tabarau mai hannuwa da ake ratayawa a kunne ba ya samun harafin B, sai wanda ke rufe kewayen ido gaba ɗaya kuma ake ɗaure shi da maɗauri ta bayan kai. Ka duba harafin a wuri biyu, a jikin gilashin da kuma a jikin firam ɗin, domin idan suka bambanta, mafi rauni daga cikinsu shi ne matsayin tabarau ɗin. Sababbin kaya sun fara zuwa da lambar EN ISO 16321, kuma a can harafin E ne ke daidai da gwajin mita 120. Idan kayan Amurka ne ya zo hannunka, ka nemi Z87+ tare da alamar tarawar nan, domin Z87 kaɗai bai ci gwajin bugu mai gudu ba, kuma ko mai alamar ma ka zaɓi mai maɗauri, saboda shi ake gwadawa a kusan jul 3, mai hannuwa kuwa a kimanin jul 1.1. Lambar ASTM F2879 an tsara ta ne musamman domin wannan wasa, ita kuwa ASTM F1776 ta wasan harbin ƙwallon fenti ce, kuma filayen airsoft suna karɓarta.

Ko da gilashin tabaranka ba zai fashe ba, akwai matsalar giɓi. Ƙwaya ba daga gaba kaɗai take zuwa ba, takan daki bango ko itace ta dawo ta gefe ko ta ƙasa, kuma tabarau mai hannuwa yakan zame idan mutum ya yi gumi ko ya faɗi. Idan ka gwada wanda za ka saya, ka ɗaure shi yadda ya kamata, ka bi gefensa da yatsa daga goshi zuwa kunci zuwa karan hanci. Duk inda ka ji rata da ƙwaya za ta iya kutsawa, bai dace da fuskarka ba, komai sunan kamfanin da ya yi shi.

Batun kuɗi kuwa da sauƙi, domin tabarau mai harafin B daga kamfanonin kayan kariyar ma'aikata irin su Bollé da Uvex ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin bindigar kanta, kuma yawancin filaye suna bayar da hayar abin rufe fuska ga sababbin zuwa. Abin da za ka guje wa shi ne na jabu da ake tallatawa a intanet da sunan manyan kamfanoni a kan farashin da hankali ba zai ɗauka ba, domin buga harafi a jikin roba ba ya yi wa mai jabu wuya.

Tambaya: Daga birnin Liyon na Faransa nake rubuto muku. Ina da tabarau mai kyau, amma da zarar na fara gudu sai tururi ya rufe shi, har sai na ɗaga shi na goge. Wani ya ba ni shawarar na koma amfani da mai ragar ƙarfe. Mene ne ra'ayinku?

Amsa: Malam, ɗaga tabarau a tsakiyar fili ya fi kowane kuskure a wannan wasa muni, domin wanda ke ɓoye a nesa bai san ka ɗaga ba. Idan ka daina gani, ka ɗaga hannu ka kira alƙalin wasa ya raka ka wurin hutawa, inda ake cire ma'ajin ƙwayoyi daga bindigogi, a can ne kaɗai ake buɗe ido.

Mai raga ba ya yin tururi, wannan gaskiya ne, amma ban ba ka shawarar sa ba. Ƙwaya takan farfashe idan ta daki ƙarfe, musamman irin wadda aka yi domin ta ruɓe a ƙasa, kuma ɓarɓashinta tare da ɓawon fentin ragar suna iya wucewa ta ramukan su faɗa cikin ido. Saboda haka ne filaye da yawa suka hana shi.

Tururi yana samuwa ne idan iska mai ɗumi da laima daga fuska ta haɗu da gilashi mai sanyi, shi ya sa maganinsa mafi inganci shi ne gilashi mai ruɓi biyu da iska a tsakani, wanda ke hana ruɓin ciki yin sanyi. Ka nemi harafin N a jikin gilashin, wanda a ma'aunin EN 166 ke nuna shafin hana tururi. Ka kuma lura kada hula ko rawani su toshe ramukan shan iska na sama, kada kuma ƙyallen da ka rufe baki da shi ya riƙa tura numfashinka zuwa ciki. Akwai kuma masu ƙaramar fanka mai batir ga wanda guminsa ya yi yawa. Wajen tsaftacewa ka tsaya ga ruwa da ƙyalle mai laushi, domin robar folikabonet da ake yin gilashin da ita tana raunana idan ta haɗu da fetur ko tina ko wasu magungunan sauro na shafawa. Gilashin da ya tsage ko ya sha mummunan bugu a kusa, a sauya shi.

Tambaya: Ɗana mai shekara 14 ya matsa mini sai ya shiga wannan wasa a nan jihar Tekzas ta Amurka. Yana sa tabarau na likita, kuma gwaji ya nuna jininsa AS ne. Me ya kamata in saya masa?

Amsa: Hajiya, tabarau na likita ba kariya ba ne, hasali ma idan ya fashe shi kansa zai yi rauni. Ki saya masa abin rufe fuska gaba ɗaya mai lambar ASTM F1776 ko F2879, wanda ke da faɗin da tabaransa zai zauna a ciki ba tare da ya taɓa gilashin waje ba, ko kuma irin wanda likitan ido ke saka wa ƙaramin gilashi ta ciki. Rufe fuska duka zai kare masa haƙora, waɗanda ƙwayar ke iya karyawa, kuma filaye da yawa sun wajabta shi ga wanda bai kai shekara 18 ba. Ki kuma sa ido a gida, domin yara sukan ajiye kariya idan suna wasa a bayan gida inda babu alƙali.

Kin yi daidai da kika ambaci jininsa. Daga cikin raunukan da wannan ƙwaya ta fi jawowa akwai ƙujewar saman baƙin ido da taruwar jini a cikin sashen gaba na ido, kuma daga baya yanar ido ko hawan jinin ido na iya biyo baya. Ga mai sikila, har ma da mai AS wanda ba ya jin ciwon komai, ƙwayoyin jinin da suka taru a nan sukan lanƙwashe su toshe hanyar da ruwan ido ke fita, sai matsin cikin ido ya hau ya lalata jijiyar gani cikin ɗan lokaci, ko da jinin kaɗan ne. Idan Allah ya ƙaddara aka same shi a ido, kada ya murza, kada a danna, kada a ɗiga masa komai. A kifa masa gindin kofin takarda a kan idon a manne, ya zauna kansa a ɗage, kada a ba shi asfirin ko ibufurofen domin suna iya ƙara zubar jini, sannan a kai shi wurin likitan ido a ranar ko da ya ce yana gani sarai. Da kun isa, ki fara shaida wa likitan cewa yaron AS ne, domin hakan zai sauya irin magungunan da zai ba shi da kuma yawan awon matsin idon da zai yi masa.