Wane Mai Zan Saya wa Yarona Mai Ƙaiƙayin Fata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Hajiya. Ina zaune a Sharar Mansur a Makka, kuma ina da yaro ɗan shekara biyu da likita ya ce yana da ikzima, wato ciwon bushewar fata mai ƙaiƙayi. Bayan gwiwoyinsa da lanƙwasar hannuwansa sun bushe sun yi duhu, da dare kuwa yakan yi ta susa har jini ya fito. Na sayi mayuka masu tsada iri uku a saidaliyya, wato kantin magani, ko mako ba sa kaiwa sun ƙare. Surukata ta ce in koma ga man zaitun, maƙwabciyata kuma ta ba ni wani haɗin mai da ta ce yana share tabo cikin kwana uku. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Da farko ki kwantar da hankalinki, wannan ciwo ba ƙazuwa ba ce kuma ba makero ba ne, ba a ɗaukarsa daga wani, saboda haka babu dalilin raba shi da 'yan'uwansa wajen wasa ko kwanciya. Fatar mai ikzima kamar randa ce da ta tsage: danshin jiki yana tsiyayewa, ƙura da kumfar sabulu kuma suna samun hanyar shiga. Busasshiyar iskar Makka da sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da muke kwana cikinsa suna ƙara tsotse ɗan danshin da ya rage.

Abin da fatar ke bukata shi ne maiƙo mai yawa, a kai a kai, kuma a nan ne ƙananan mayukan nan masu tsada suke cutar aljihu, domin uwa takan riƙa lakato kaɗan-kaɗan don kada su ƙare. Ƙa'idar da likitocin Ingila ke bi ita ce yaro ya samu giram 250 zuwa 500 na mai a kowane mako. Don haka ki nemi babban gwangwani na mai mai kauri wanda ba shi da ƙamshi ko launi, kuma farin basilin zalla yana wannan aiki sarai. Ki yi masa wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi na minti 5 zuwa 10 ba tare da soso ba, ki daddanna jikinsa da tawul maimakon gogewa, sannan ki shafa man tun jikin bai gama bushewa ba, ki sake shafawa aƙalla sau ɗaya kafin dare. Ki riƙa ɗebo man da cokali mai tsabta, kada yatsu su kai ƙwayoyin cuta cikin gwangwanin.

Batun man zaitun, ki gaida mini surukarki, ki roƙe ta a bar shi wa girki. Wani bincike na jami'ar Sheffield da aka wallafa a 2013 ya nuna cewa shafa shi kullum yana raunana fata ko ta manya ce. Haɗin maƙwabciya kuwa kada ya taɓa jikin yaron, domin irin mayukan da ke share tabo cikin kwanaki sukan ƙunshi sinadarin clobetasol mai ƙarfin gaske, wanda ke sirantar da fata, ya kuma ratsa cikin jinin ƙaramin yaro. Duhun da kike gani kumburin ciwon ne ya bar shi, kuma yakan dushe da kansa cikin watanni bayan an daina susa. Idan ciwon ya tashi, likita kan rubuta man shafawa na hydrocortisone mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, kuma abin da aka matso daga kan yatsan babba zuwa gaɓar farko ya isa wuri mai faɗin tafin hannun babba biyu.

Akwai abin da ba kasafai ake faɗa mana ba, mu da gidajenmu ba sa rabuwa da turaren wuta: tufafin da suka sha basilin suna saurin kamawa da wuta, saboda haka kasko ya yi nesa da yaron, kuma kada a turara kayansa ko a shafa masa humra.

Tambaya: Hajiya, ni magidanci ne a Jidda. Maiɗakina ta hana 'yarmu madara da ƙwai saboda ikzima, tana so in riƙa sayen wata madarar gwangwani ta musamman mai tsada. Shin in saya?

Amsa: Malam, kada ka saya sai likita ya tabbatar cewa jikin yarinyar ba ya karɓar madarar shanu. Yawancin yara masu ikzima ba abinci ne ke tayar musu da ita ba, kuma hana su madara da ƙwai bisa zato kan tauye girmansu. Kuɗin ya fi amfani wajen sayen mai da rigunan auduga marasa matse jiki, tun da gumin Jidda shi kansa yana tayar da ƙaiƙayi. Amma idan kun ga wurin yana fitar da ruwa ko ɓawo rawaya, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa sun feso tare da zazzaɓi, ku kai ta asibiti a ranar, ko ku kira lambar 937 ta Ma'aikatar Lafiya ku ji inda za ku nufa.