Me ya sa aka ɗauke ƙanina daga asibitin farko bayan hatsari?

Tambaya: Likita, a Amurka muke zaune. Ƙanina ya yi hatsarin mota a wani ƙaramin gari. Asibitin da ke kusa suka ƙara masa jini, suka tura shi babban birni a jirgi mai saukar ungulu, wai can ne "mataki na ɗaya". Matakin nan yana da wani amfani, ko wahalar da mara lafiya kawai aka yi?

Amsa: Sannu da jinya, Allah Ya tashi kafaɗarsa. Idan rauninsa mai tsanani ne, daidai suka yi.

A Amurka jiha ce ke ba asibiti matakin kula da masu rauni, galibi daga na ɗaya zuwa na huɗu, Kwalejin Likitocin Tiyata ta ƙasar kuma ta zo ta tantance. Matakin alkawari ne na zama cikin shiri. A na ɗaya da na biyu, dole likitan tiyata ya tsaya a kan mai mummunan rauni cikin minti 15, ko da ƙarfe uku na dare ne, ga ɗakin tiyata a buɗe, ga jini a ajiye, ga likitan ƙwaƙwalwa da na ƙashi. A na uku minti 30 ne. Na ɗaya kuma sai yana kwantar da masu rauni aƙalla 1,200 a shekara, ko 240 masu tsananin rauni. Hannun da ya saba ɗinke tsagaggiyar hanta duk mako ba ɗaya yake da wanda ke ganinta sau biyu a shekara ba.

An auna bambancin. Binciken da MacKenzie da abokan aikinta suka wallafa a 2006 ya kwatanta asibitoci 18 masu mataki na ɗaya da wasu 51 marasa matakin, a jihohi 14. Bayan shekara guda, kashi 10.4 cikin ɗari ne suka rasu a masu mataki na ɗaya, a marasa matakin kuwa 13.8, wato ragin kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Ribar ta fi fitowa ga masu tsananin rauni. Mai karayar hannu kaɗai ba ya buƙatar jirgi.

Abin da ya fi damuna a harkar tura majinyaci shi ne zaman da yake yi a asibitin farko. Sau da yawa sai a tsaya ɗaukar hoton sikanin na dukan jiki, a jira sakamako, alhali ko an ga jini ya taru a cikin kai babu mai buɗewa a wurin. Abin da ake koya mana shi ne a buɗe hanyar numfashi, a tsayar da jinin da ake iya tsayarwa, a ƙara jini, a buga waya, a tura. Maganin rage zubar jini na tiranekzamik ma cikin awa uku na farko yake aiki. Doka kuma tana bayan ƙaninka, domin ta hana asibiti mai ƙwararru ƙin karɓar irin wannan majinyaci matuƙar yana da wurin kwantar da shi.

Wani lokaci za ka ga alƙaluma na nuna cewa wanda aka turo da wanda aka kawo kai tsaye sakamakonsu kusan ɗaya ne. Kada ka ɗauke su yadda suke. Wanda ya cika a asibitin farko ko a hanya sau da yawa ba ya shiga lissafin babban asibitin, waɗanda suka iso da rai kaɗai aka ƙirga.